Inda Za a Binne Clarrie

Wata huɗu Clarrie Doolan ya yi a cikin gwangwanin biskit, a kan kantar kicin, tsakanin kwalbar gishiri da rediyo. Shi da bakinsa ya bar wasiyya cewa a ƙone gawarsa, a binne tokar a gindin Septimus, tuffar kakansa da ke can ƙasan tsohuwar gona. An ƙone shi a birnin Hobart cikin watan Janairu, aka miƙo wa matarsa Noelene tokar a wata roba mai kama da ta maganin feshi. Ta juya robar, ta ga ba ta dace da mutumin da ta yi shekara arba'in da takwas tana wanke wa safa ba, sai ta juye shi a gwangwanin da ya fi yawan zura wa hannu lokacin da yake da hannun.

Binnewar ce ta gagara. Clarrie ya zaɓi ya mutu daidai lokacin da tuffa ta fara nuna, a kwarin Huon kuwa idan tuffa ta nuna, mamaci ma layi yake bi. Tuffar Gravenstein ce ta fara, ita da ba ta kwana biyar a kwando ba ta yi laushi ba. Kafin a gama da ita Gala ta yi ja. Sai 'yan bishiyoyin Cox da suka rage, waɗanda Noelene ke kaɗa 'ya'yansu a kunne, don sai ƙwayoyin ciki sun fara ƙara ake tsinka. Aka shiga Fuji aka fita, aka faɗa Granny Smith. Kowace safiya takan ce wa gwangwanin, "Yi haƙuri, mako mai zuwa," ta kunna masa rediyo ta tafi rumfar da ake zuba tuffa a kwali. Har Mayu ya shigo, aka sauke Pink Lady ta ƙarshe, ciyawa ta fara wayar gari fara fat da sanyi.

Ranar Alhamis ɗansu Warwick ya shigo kicin da takalmin gona, abin da aka hana shi tun yana ɗan shekara shida.

"Mama, Litinin katafila za ta zo."

"Ta zo ta yi me?"

"Tsohuwar gona. Daga rumfa har bakin rafi, duk za a tuge."

Noelene ta san za a zo nan. Tsohuwar gonar cike take da tuffa irin Sturmer da Democrat da Cleo, manyan bishiyoyi masu faɗin kai da aka shuka don jiragen ruwan Ingila, jiragen kuwa sun daina zuwa tun Warwick bai iya tafiya ba. Shi irin na yanzu yake so, sirara kamar sanda, a jere a jikin waya, mutum ya tsinka yana tsaye a ƙasa. Ba ta da ja a kan wannan. Ta sha faɗowa daga tsani.

"Ban da Septimus," ta ce.

"Har da ita. Tana tsakiyar layi na tara."

"Ubanka fa?" Ta nuna gwangwanin da cokali.

"Baba ai yana nan lafiya. Ga ɗumi, ga labaran ƙarfe bakwai."

"Warwick."

"Mama, tsakani da Allah, kin taɓa cin tuffar nan kin ji daɗi? Ni dai ban taɓa cinta ba sai da hawaye. Tsuntsaye ma tsallake ta suke yi."

Yaron bai yi ƙarya ba. 'Ya'yan Septimus ƙanana ne, kore shar, masu taurin dutse, tsaminsu kuwa har cikin kunne ake jinsa. Duk shekara cikin Maris Clarrie kan tara gidan a gindinta, ya tsinki ta farko, ya goge a riga, ya gatsa. Fuskarsa ba ta motsi, sai dai ido ɗaya ya kawo ruwa. Ya haɗiye, ya ce, "Kaka ya san abin da yake yi." Sannan ya kwaso sauran a buhu ya jibge wa Noelene. Ta dafa su, ta gasa su cikin fulawa, ta yi jam da su, ta zuba sukarin da zai ishi taron biki, duk da haka baƙi kan yi loma ɗaya su tuna suna da wani wurin zuwa.

Labarin da ta tarar a gidan kuwa daban ne. An ce Septimus Doolan, kakan Clarrie, ya ga bishiyar ta tsiro da kanta a bakin ramin masu yankan katako, ya ɗanɗana, ya yanko reshe ya kawo gida. An ce ja ce, mai kaushin kafaɗa, mai ƙamshin kanumfari, ba ta nuna sai sanyi ya sauka, kuma tana kaiwa Kirsimeti a ɗaki ba ta ruɓe ba. Sau ɗaya, tana amarya, Noelene ta tambayi yadda aka yi ja ta koma kore. Clarrie ya ce tun gobarar shekarar sittin da bakwai bishiyar ta canza hali, wanda ya ga abin da ta gani dole ya canza, kuma harshen 'yan birni ba ya gane tuffa. Ita 'yar Hobart ce, ubanta direban bas, sai ta ja bakinta.

"To ga abin da za a yi," in ji Warwick. Ya miƙa hannu wajen gwangwanin bisa sabo, ya tuna, ya janye. "Ki kira Inna Dulcie ta duba ta. In ta ce iri ne na gaske, zan karya layin in bar ta, ki binne Baba. In kuwa ba haka ba, Litinin ta bi 'yan'uwanta."

"Rantse."

"Na rantse da Baba."

"Rantse da abu mai nauyi."

Dulcie Cragg ta iso ranar Juma'a da hantsi, a akori-kurar da igiya ke riƙe da ƙofarta ɗaya. Shekararta tamanin da huɗu, kuma rabin bishiyoyin kwarin ita ta yi musu aure, ta yanko reshen iri mai kyau ta ɗora a kan gindin da zai ɗauke shi. Wuƙarta na rataye a wuya da zare, inda wasu matan ke rataya gicciye. Noelene ta fito mata da shayi, da faranti, da kwandon 'ya'yan Septimus da suka rage a ɗakin sanyi.

"Mayar da su," Dulcie ta ce. "Haƙori huɗu suka rage min, kuma ina son abina."

Suka gangara gona. Dulcie ba ta ko ɗaga kai ta dubi rassan ba. Ta zagaya bishiyar sau ɗaya tana ture ciyawa da takalmi, ta tsaya ta dogara sandarta.

"Noelene, shekararki nawa a gonar tuffa?"

"Kin fi ni sani."

"To nuna min auren."

Noelene ta sunkuya. Kowace bishiya a gonar tana da wani kumburi kaɗan sama da ƙasa, inda reshe da gindi suka haɗu suka warke. Ga shi a jikin Sturmer ta hagu, ga shi a ta dama. Septimus kuwa ƙafafu uku ne suka fito daga cikin ƙasa, sumul, ba kumburi ba tabo. Sau dubu ta wuce ta nan, ta yanke ciyawar wurin, ta sha inuwar, ba ta taɓa dubawa ba. An nuna mata ita ne kamar yadda aka nuna mata surukarta, ba ta kuwa ga dalilin leƙa ƙafar ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Gindi ne, ƙanwata," in ji Dulcie. "Ɗan tsiron banza da tsoho ya ɗora tuffarsa a kai. Wuta ta cinye na sama, na ƙasa ya ga ba kowa a kansa, ya miƙe ya yi gaban kansa. Wannan ba ta da suna."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun shekarar da ta fara 'ya'ya."

"Wa kuma ya sani?"

Dulcie ta yi lissafi da leɓe. "Fasto bai sani ba. Shi baƙo ne."

"Clarrie fa?"

"Yaron da ya yi shekara goma sha bakwai yana cin ta gaske? Haba, Noelene."

Noelene ta nemi kututture ta zauna. Dulcie ta ba ta labarin a tsaye, ba ado. Ranar gobarar, gidan Doolan ya tafi, rumfa ta tafi, da dawaki biyu, da duk bishiyoyin wannan gangaren. Wilf, uban Clarrie, ya yi mako uku zaune a gindin tankin ruwa ba ya magana, matarsa ta kai bindigarsa gidan 'yar'uwarta ta ɓoye. Da ruwan sama ya sauka, kore na farko da ya leƙo a duk faɗin tokar shi ne tsiron nan. Wilf ya durƙusa a gabansa yana kuka, yana cewa tuffar babansa ta dawo.

"Manomi ne, ya ga daga inda ta fito," in ji Dulcie. "Amma ya ce Septimus ce, ya tashi ya ci abinci, washegari ya fara gini. Ke ce za ki je ki ce masa gindi ne? Kafin ya mutu kuma an yi shekara ashirin ana yabonta. Clarrie ya riga ya haɗiye da yawa, ba zai iya tofarwa ba."

"Guda ɗaya yake ci a shekara! Ni nake cin sauran!"

"Wannan kuma tsakaninku ne."

Noelene ta dubi bishiyar. Ta faɗi a yarjejeniyarta da Warwick, wannan ɗaya. Na biyu kuma, mutumin ya ce a binne shi a gindin Septimus, ga shi babu Septimus.

"Ke nan ta ƙare," ta ce. "Ba inda zan sa shi."

Dulcie ta sosa haɓa. "Ban ce ta ƙare ba."

Ashe tsoho Septimus bai taɓa ba kowa ko tsinken bishiyarsa ba, har ya mutu. Ranar jana'izarsa, cikin sanyin Yuli, ana ɗaki ana shan shayi, maƙwabcinsu Alf Skeggs ya ce zai ɗan zaga. Ya dawo da reshe tsawon fensir, soke a cikin dankali don kada ya bushe, a aljihun kwat ɗin da ya zo ta'aziyya da ita.

"Ke ina kika san aljihunsa?"

"Ni ya kawo wa. Aikina na farko ke nan, ina 'yar sha tara. Ya kama kuwa, kamar an zana."

Da bishiyar Alf ta fara 'ya'ya, Wilf ya je har ƙofa ya kira shi ɓarawo. Alf ya rantse tsuntsu ne ya yar da iri. Daga ranar gidajen biyu suka daina gaisawa. Gobara ta zo ta tsallake gidan Skeggs, sai abu ya cije. Doolan ba zai roƙi reshe ba, don roƙon na nufin tasu ta bogi ce. Skeggs ba zai bayar ba, don bayarwar na nufin an sata. Uba ya bar wa ɗa, a kowane gefen shinge.

Ranar Asabar da safe Noelene ta sa Clarrie a jakar cefane ta bi ta titi, don kada a ce matar Doolan ta tsallaka shinge. Ba ta taɓa taka ƙofar Skeggs ba. Iyakarta ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari in sun haɗu a hanya, shi ma sai in Clarrie ba ya motar.

Bevan, ɗan Alf, yana watsa wa kaji hatsi. Dogo ne da ya fara rankwafawa, shi kaɗai a gidan tun rasuwar matarsa. Ya dube ta, ya dubi jakar.

"Uwargidan Doolan. Wata gobarar ce ta tashi?"

"Na zo ganin bishiya."

"Ina da ɗari huɗu."

"Wadda ubanka ya je zagayawa ya dawo da ita."

Bevan ya zazzage sauran hatsin a ƙasa. "Dulcie ta tsufa, bakinta ya saki," ya ce. "Biyo ni."

Bishiyar tana bayan tsohuwar salgar da aka daina shiga tun da aka jawo famfo cikin gida, ta jingina da shingen da ya raba gonakin biyu. Ta ɓangaren Doolan ƙaya ce ta rufe wurin. Noelene ta sha hango kanta daga can tana zaton Democrat ce. Yanzu ga ta kusa, ja wur, kowace tuffa da ɗan kaushi ruwan ƙasa a kafaɗa, kamar an yayyafa mata yashi. Bevan ya tsinko ɗaya, ya yanka, ya miƙo mata a bakin wuƙa.

Ta gatsa, ta ji ƙaras. Ɗan tsami ne ya fara zuwa, daidai wanda zai tashi harshe daga barci, sai zaƙi ya biyo shi a hankali, sannan ƙamshin kanumfari ya hau ta maƙogwaro ya fito ta hanci. Ruwan ya gangaro mata har gwiwar hannu. Ta cinye, ta miƙa hannu a ƙara mata.

"A Yuli ta fi haka," in ji Bevan. "In ta kwanta a ɗaki ta huce. In an gasa ta kuma, ba ta narkewa, ba ta son sukari."

"Ba ta son sukari," Noelene ta maimaita, kamar wadda aka faɗa wa sunan wanda ya yi mata fashi.

"Kin ga wancan reshen da ya leƙa gonarku? Tun ina saurayi bai taɓa kaiwa tsakiyar Mayu da tuffa ko ɗaya ba. Babana ya ce namun daji ne. Na ce ban taɓa ganin naman dajin da ke sa takalmin gona ba, ya ci ya ƙoshi, ya jera guntayen a kan ginshiƙin shinge don mai gida ya gani." Ya dubi reshen, wanda ya sunkuyo da nauyin 'ya'ya. "Bana ne kawai ba a zo ba." Ya yi gyaran murya, ya kori wata kaza da ba ta yi masa komai ba.

Noelene ta zaro gwangwanin daga jaka ta ɗaga shi daidai fuskarta.

"Kai, Clarence Doolan! Ashe wannan ne duba shingen da kake zuwa duk Mayu? Ka dawo kana cewa ba ka jin yunwa? Ko guda ɗaya! Ko rabi a aljihu!"

"In ya kawo miki ai ya tona kansa," in ji Bevan.

"Kai kuma rufe min baki, ɗan ɓarawo."

"Na rufe, matar ɓarawo."

Ta sauke numfashi. Ta dubi gindin bishiyar, ta dubi salgar, ta ga wurin ya dace da shi fiye da yadda ta zata.

"To shi ke nan. Wasiyya ta ce gindin Septimus, ga Septimus. Ara min shebur."

"A gidana? Kusa da kajina? Shekara hamsin mutum yana shigo min sata, yanzu kuma ya tare gaba ɗaya? Wallahi ba a nan ba."

"Toka ce fa, Bevan. Cokali nawa ce?"

"Ko cokali ɗaya ce, Doolan ne."

Ta tsaya da gwangwanin a ƙirji. Jibi katafila, ga tsoho ya kafe. Sai ta lura da kumburin auren da ke ƙafar bishiyar, aikin Dulcie, ya warke ya yi kauri kamar gwiwa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Gindin da ke gonarmu," ta ce a hankali, "Septimus ne ya shuka shi da hannunsa. Kan ne ya ƙone. Ga kan kuma a nan. Ka ba ni reshe, Dulcie ta mayar da shi inda ya fito."

Bevan ya tura hula baya. An ga alama ya daɗe da tanadin amsar, jira kawai yake a yi tambayar.

"Sai Doolan ya roƙa."

"Ni ce Doolan."

"Ke shigowa kika yi. Shi zai roƙa."

Noelene ba ta yi musu ba. Ta ɗora gwangwanin a kan ginshiƙin shinge, ta buɗe murfin, ta juya shi ya fuskanci Bevan.

"Clarrie, ga Bevan. Yi masa magana."

Suka tsaya su biyu suna jira. Wata kaza ta zo ta leƙa, ta wuce.

"Ka ji shi," in ji Noelene. "Bai zage ka ba, bai zagi ubanka ba, bai ce a kira ɗan sanda ba. Tun da ka san shi ya taɓa yi maka ladabi irin na yau?"

Bevan ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta ƙi riƙuwa.

"Saura kai," ta ce. "Ya yi nasa. Faɗa masa inda kuka samo ta."

Tsohon ya cire hula ya riƙe a ciki. Ya dubi cikin gwangwanin, ya kau da kai, ya sake dubawa.

"Babana ya sata," ya ce. "Ranar da aka binne kakanka, a cikin dankalin uwarka ma. Kai kuma ka rama, da riba. A Yuli in bishiya ta yi barci zan yanka muku reshe. Rufe shi haka nan, iska na tasowa, kada ya shigar min gida ta sama."

Litinin da sassafe katafila ta shigo a bayan babbar mota, Warwick na gaba a kan tarakta yana nuna hanya. Da suka kai layi na tara sai ya taka birki. Uwarsa na tsaye a gindin bishiyar cikin baƙar rigarta ta coci da takalmin roba. A gefenta Dulcie, ta taje gashi. A ɗaya gefen Bevan Skeggs, cikin kwat, a kan ƙasar Doolan. A gabansu rami ne mai zurfin gwiwa. Direban katafilar ya leƙo, ya ga baƙaƙen kaya da rami, ya kashe inji ya cire hula.

Warwick ya sauko. "Mama, mene ne wannan? Mun yi magana. Inna Dulcie ta ce gindi ne."

"Na ce," in ji Dulcie. "A Satumba kuma zan sare kansa in ɗora Septimus ta gaske. Sai ka sake tambayata."

"Ai wannan zamba ce! Mama, zan ba ki sabon gindi guda goma a bakin hanya, ki ɗora abin da kike so."

"Ubanka bai ce bakin hanya ba." Ta miƙa masa gwangwanin. "Karɓi. Kai ne ɗa, kai za ka zuba."

Ya dubi direban, direban ya sunkuyar da kai cikin girmamawa. Ya dubi Bevan, wanda bai taɓa jin muryarsa daga kusa ba.

"Zuba, yaro," in ji Bevan. "Gwiwoyina ba sa son sanyin gonarku."

Warwick ya karɓa. Bai zaci zai ji nauyi ba, sai ga shi ya riƙe da hannu biyu. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya juye a hankali, ya bubbuga gindin gwangwanin kamar yadda ake yi wa na gari, ya daɗe a durƙushe. Ba wanda ya tanadi addu'a. Dulcie ta ce, "To, Clarrie," aka ɗauki wannan a matsayinta.

Kafin a mayar da ƙasa Noelene ta ce a dakata. Ta jawo kwandon korayen nan da suka rage a ɗakin sanyi, ta kife shi duka a cikin ramin.

"Shekara uku kafin sabon reshe ya yi 'ya'ya," ta ce wa ramin. "Ga guzuri. Babu sukari."

"Za su tsiro miki fa," in ji Dulcie.

"In sun tsiro ya ji da su."

Bevan ya zaro tuffa ja daga aljihun kwat ya ba Warwick. Warwick ya juya ta a hannu kamar yadda yake juya kowace tuffa, yana neman aibu.

"Fatar nan ba kantin da zai karɓa," ya ce. "Ga kaushi, ga girman bai daidaita ba." Ya gatsa. Ya tauna, ya daina taunawa, ya ci gaba. Ya sake gatsa. "Ita wannan, a wane wata ake tsinkarta?"

"Bayan Pink Lady da mako biyu."

Warwick ya je tarakta ya ɗauko turaku huɗu da jan ƙyalle, ya auna taku shida daga gindin ta kowace kusurwa yana gunaguni, yana lissafin bishiya goma sha huɗu da layin zai rasa. Ya kafa turakun, ya ɗaura ƙyallen, sannan ya ɗaga wa direban hannu da guntun tuffar a ciki.

"Tayar da inji," ya ce. "Ka fara daga rafi. In ka zo nan ka zagaye, akwai mutum a wurin."